Ɗinki Inda Yadi Ba Ya Rataya

Idan Bahaushe zai yabi ɗinki, cewa yake yi riga ta zauna, ko ta kwanta a jiki, ko wando ya sauka daidai idon sawu. Kalmomin nan uku duk aikin abu guda suke bayyanawa, wato nauyi. Tela ya auna, ya yanka, ya haɗa, amma ƙasa ce ke ƙarasa masa aikin. Ita ke janyo yadi daga kafaɗa ta miƙar da shi, ita ke riƙe bakin riga inda aka kalmashe shi. Da yake ba ta taɓa neman lada ba, ba a lissafa ta cikin ma'aikatan shago.

A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400, wannan mataimakiya ba ta zuwa aiki. Jan ƙasa bai ƙare a can ba, sai dai tashar da duk abin da ke cikinta tare suke faɗuwa a kewayen duniya, don haka babu abin da ke rataya a kan wani. Riga mai faɗi sai ta tashi ta nufi haɓa. Da za a kai babbar riga can, da ta buɗe kamar laima, ta rufe fuskar mai ita, hannuwanta kuma su riƙa kama maɓallan na'urori.

Matsalar yadi ma mai sauƙi ce idan aka gwada ta da ta jiki, domin mutumin da aka auna a ƙasa ba shi ne zai sa kayan ba. Ƙashin bayansa yana miƙewa har tsawonsa ya ƙaru da kusan santimita 5. Ruwan jiki yana barin ƙafafu ya taru a ƙirji da kai, fuska ta kumbura, ƙafafu su sirance. Sannan ga tsayuwa. Hotunan da aka ɗauka a tashar Skylab ta Amurka a 1973 da 1974 sun nuna cewa idan ɗan sama jannati ya saki jikinsa, ba ya miƙewa sambal: gwiwa da ƙugu suna lanƙwasa, kafaɗu su ɗaga, hannuwa su yi gaba kamar na mai shawagi cikin ruwa. Wandon da aka yanka wa mai tsayuwa cak zai tattare a gaba, ya ja a baya. A nan ne gwanintar tela take, kuma abin da ya kamata ya auna shi ne wannan lanƙwasar.

Masanan Japan sun bi wannan hanya. Yoshiko Taya, malama a wata jami'ar mata da ke Tokyo, ta jagoranci ƙirƙirar tufafin da aka sa wa suna J-Wear, waɗanda Takao Doi ya je da su a 2008. Yadinsu yana shanye gumi, yana hana wari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da babu wanki, inda kayan da suka yi datti ake cusa su cikin kumbon dakon kaya su ƙone tare da shi a hanyar dawowa. A 2009 Koichi Wakata ya yi kusan wata guda da kamfai ɗaya na wannan yadi. Sauran dabarun ƙanana ne: aljihu mai zik, ɗaurin ƙugu mai ƙaruwa da raguwa, da layukan Velcro a cinya don manna alƙalami ko cokali. Takalmi kuwa sai lokacin motsa jiki. Safa ta wadatar.

Amma tufafin da ke bin jiki duk inda ya nufa ba kullum yake yi masa alheri ba. Jikin da ba ya ɗaukar nauyi tsokarsa tana zubewa, ƙashinsa yana raunana, bayan da ya miƙe kuma yana ciwo. Tun cikin shekarun 1970 Tarayyar Sobiyet ta ɗinka wa ƴan sama jannatinta wata riga mai suna Pingvin, cike da igiyoyin roba masu gardama da kowane motsi, ta yadda miƙe ƙafa ma sai da ƙoƙari. A watan Satumba na 2015 Andreas Mogensen, ɗan ƙasar Danmak, ya gwada Skinsuit ta hukumar sararin samaniyar Turai, matsattsiyar riga mai matse jiki daga kafaɗa zuwa tafin ƙafa. Ma'ana, nauyin da ƙasa ke bayarwa kyauta ne aka koma ana sakawa cikin zare.

Ita Pingvin daga baya ta sauko ƙasa. A farkon shekarun 1990 likitocin Rasha suka sauya fasalinta, suka kira ta Adeli, suna sa wa yaran da larurar ƙwaƙwalwa ta hana su sarrafa gaɓoɓinsu yayin da ake koya musu tsayuwa da tafiya.