Kaka a Kiyeshe

Kiyeshe na cikin Dallol Mawri, kudu da Dogon Dutsi. Mai son ganin garin cikin daɗinshi, shi zo watan Oktoba, lokacin da damman hatsi ke shiga rumbu.

Tun hatsi bai ida bushewa ba yara ke gasa tumu bakin gona. Mata na tonon kwaruru, su dahwa shi ɗanye da gishiri. Hurar sabon hatsi kuwa, in ta samu nonon Hulani, ba ta biɗar sukari. Ran buki, ko na aure ko na kokowa, tuwo ne da miyar guro ko ta sure.

Ƴan uwa manoma, ba duka cimar nan ce ƴar gida ba. Hatsi namu ne: masu bincike sun tono alamarshi a ƙasar Mali, mai shekara wajen 4500. Wake da kwaruru ma na Afirka ne. Amma gujiya, masara, rogo da tonka baƙi ne. Asalinsu Amurka. Jiragen ruwan Turawa suka ƙetaro da su bayan shekarar 1492. Kahin nan, miyar ƙasarmu ba ta san tonka ba.