Ba Gado Ake Zuwa Gani Ba

'Yan uwana mazauna Kudu, musamman na nan Ikko, da na Sabon Ibadan, da na Fatakwal, da duk inda neman halak ya kai mu. 

Duk wanda ya san sana'ar ejan a cikinmu ya san cewa da tikitin Hajji da Umra muka buɗe ido, sai kuma na 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Cana. To amma 'yan shekarun nan wani sabon aiki ya shigo mana, wato shirya wa mutum da iyalinsa tafiyar kallon namun daji a Kenya ko Tanzaniya ko Afirka ta Kudu, abin nan da ake kira safari. Kalmar ma ta Suwahili ce, asalinta kuma Larabci, 'yar uwar safara ɗin nan tamu. Masu neman wannan tafiya mutanen da Allah ya hore wa ne: manyan 'yan canji, dillalan shanu, ma'aikatan kamfanonin mai. Kuɗin da ake kashewa a kwana 5 ko 6 kan iya kai na mota. Shi ya sa nake ganin ya kamata in faɗi abin da na fahimta, saboda mai biya ya san abin da yake saye, ɗan uwana ejan kuma ya san girman amanar da ke wuyansa.

Maganar tawa guda ɗaya ce. A wannan tafiya, wuri da lokaci ake saye. Gado da kwamin wanka da fitilu masu walƙiya duk suna biyo baya ne.

Mu fara da lokaci. Yawancin waɗanda ke zuwa ofishina sun ga hoton nan ne a talabijin: dubban dabbobi na afkawa cikin kogi, kadoji na jiran su. Dabbar ita ce wadda Suwahili ke kira nyumbu, kamanninta tsakanin sa da gwanki, tana tafe tare da jakunan dawa da bareyi. Ɗaruruwan dubbansu ne ke zagaye tsakanin dajin Serengeti na Tanzaniya da dajin Masai Mara na Kenya, suna bin ruwan sama da ɗanyar ciyawa, kusan yadda Fulaninmu ke tafiya mashekari su dawo. Ƙetare Kogin Mara yana faruwa ne daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris kuwa garken yana can kudancin Serengeti, wajen Ndutu, inda suke haihuwa, zakuna da kuraye na kewaye da su. Afrilu da Mayu lokacin ruwa ne mai yawa, hanyoyi kan caɓe, wasu masaukan ma rufewa suke yi.

Wani Alhaji ya taɓa zuwa mini da kuɗinsa a shirye, yana son hutun Disamba saboda yara, kuma wannan ƙetare kogin yake son su gani. Na ce masa, "Alhaji, in dai kogin ne, a Disamba ruwa kawai za ku tarar da dorinai, garken ya yi kudu." Ya ce ai wani ejan ya ce masa babu matsala. Na ce to, babu matsala wajen karɓar kuɗin, amma dabba ba ta san da wannan alƙawari ba. Muka zauna muka duba kalandar makarantar yaran, muka mayar da tafiyar dogon hutun Agusta. Ko a Agustan ma sai da na gaya masa gaskiya: ana iya zama a bakin kogi awa 3 garken ya taru, ya leƙa ruwa, ya fasa. Shi ya sa ba na shirya wa mai son wannan kallo ƙasa da kwana 4 a kusa da kogin.

Sai kuma wuri, nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta. Serengeti ta kai kusan murabba'in kilomita 14,750. Don a gane girmanta, Yankari tamu ta Bauchi murabba'in kilomita 2,244 ce, ka ga an ninka ta fiye da sau 6. Saboda haka in an ce maka "masaukinka yana Serengeti", ba a gaya maka komai ba tukuna. A wane ɓangare? Wanda ke son kogi a Agusta sai arewa, wajen Kogatende. Wanda ke son haihuwa a Fabrairu sai kudu. In aka sauke ka a wani ɓangaren daban, komai kyan ɗakin, a mota za ka ƙare hutunka. Akwai ma zangunan tanti da ake tuge su a bi garken da su daga wuri zuwa wuri cikin shekara, saboda wannan dalili.

Masai Mara ba ta kai haka girma ba, kusan murabba'in kilomita 1,510 ce, amma ita ma akwai abin lura. Masaukanta iri uku ne. Akwai waɗanda ke cikin gandun gwamnati. Akwai waɗanda ke wajen ƙofa, kusa da ƙauyuka, su ne suka fi araha, amma kullum sai ka bi layi a ƙofa, kuma lokacin da za ka isa ciki zaki ya riga ya nemi inuwa. Na uku su ne waɗanda ke cikin filayen da aka yi haya daga hannun Masai masu ƙasar, irin su Mara North da Olare Motorogi da Naboisho. A waɗannan an ƙayyade yawan gadaje da yawan motocin da za su tsaya a kan dabba ɗaya, an kuma yarda a fita da dare da fitila, ko a taka da ƙafa tare da ɗan jagora, abin da ba a yarda da shi ba a cikin gandun gwamnati. A gandun kuwa, lokacin cunkoso, za ka iya ganin motoci sun kewaye damisa ɗaya kamar tashar Oshodi. Amma fa kogin da ake ƙetarewa yana cikin gandun, wanda ya sauka a filin haya sai ya biya kuɗin shiga in zai je. A 2024 aka mayar da wannan kuɗi dala 200 kan kowane babban baƙo a rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni. Iyali mai manya 4 a Agusta, dala 800 ke nan a yini ɗaya kafin a sha ko shayi. Ejan da bai sa wannan a lissafi tun farko ba ya haɗa ka da rigima.

Maganar tanti kuma kullum sai ta jawo dariya. Da na ce wa mutum masaukin da na zaɓa masa tanti ne, sai ya ɓata rai ya ce, "Duk kuɗin nan, tanti kamar a Mina?" To ba irin na Mina ba ne. Ɗaki ne babba a kan dakali, da gado, da banɗaki a ciki, da ruwan zafi. Sau da yawa irin wannan zango mai tanti 8 ko 10 ya fi katafaren otal mai ɗaki 70 tsada, kuma ya fi shi amfani, domin yana inda dabbobin suke, direbobinsa kuma sun san dajin kamar tafin hannunsu. Direba shi ne rabin tafiyar. Na ƙwarai yana karanta sawu, yana jin kukan birai ya san damisa na kusa. Wanda bai ƙware ba kuwa sai dai ya bi bayan wasu motoci.

A Ngorongoro ta Tanzaniya ma haka zancen yake. Wani ƙaton kwari ne da tsohon dutse mai aman wuta ya rufta ya bari, zurfinsa kusan mita 600. Ba a kwana a cikinsa, duk masaukai suna bisa baki ko can waje wajen garin Karatu. Tambayar da nake yi ita ce: minti nawa daga masaukin zuwa hanyar gangarawa? A nan ne mutum ya fi sa ran ganin karkanda, amma mai son raƙumin dawa ba zai same shi a ƙasan kwarin ba. Bakin nan kuma tudu ne da ya haura mita 2,000, sanyinsa ya fi na Jos. Mutanenmu da suka saba da zufar Ikko sukan ɗauka duk Afirka zafi ce, sai asuba ta farko ta koya musu.

Wanda kuma damisa ce muradinsa, nakan karkata da shi Afirka ta Kudu, gandun Sabi Sand da ke manne da Kruger. Tun 1993 aka cire shingen da ke tsakaninsu, dabbobi na kai da komo yadda suke so. Can lokacin da ya fi kyau shi ne Mayu zuwa Satumba, lokacin sanyinsu da rani, ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa a bakin ruwa.

Yanzu ga abin da ya shafe mu a matsayinmu na Musulmi, wanda ba za ka gan shi a takardun talla ba. Tafiyar safe tana farawa ne wajen ƙarfe 6, saboda haka nakan nemi a tashi baƙona da wuri don ya yi asuba a natse. Zangunan da yawa ba su da shinge, da dare ba a fita tanti sai da mai gadi, dorina ko giwa na iya kiwo a bakin ƙofa. Wanda ya saba fita masallaci da duhu dole a gaya masa wannan. Alƙibla ma ta sha bamban: daga Kenya da Tanzaniya arewa ake fuskanta, da ɗan karkatawa gabas kaɗan, kada mutum ya duba fitowar rana ya tayar da salla kamar yana gida. Da yamma kuma al'adarsu ce a tsaya a daji daidai faɗuwar rana a sha giya. Wannan lokaci shi ne magaribarmu. In an sanar da su tun farko, sai su kawo shayi da lemo, su nemi fili mai aminci a shimfiɗa darduma. Dalilin da ya sa nake ba iyali shawarar su biya kuɗin motarsu su kaɗai ke nan, maimakon a haɗa su da baƙin da ba su sani ba. Mata sun fi sakewa, kuma ba a takura wa kowa ba.

Abinci kuwa, ba na karɓar "babu matsala" ta baki. Nakan rubuta musu in tambaya: daga ina namanku yake zuwa? Ana soya naman alade da safe, to a kasko ɗaya ne? Ana sa giya a miya ko a kayan zaƙi? Masauki na ƙwarai zai amsa dalla-dalla, in ba zai iya ba ya ce ga kifi da kaza daga wuri kaza. Wanda ya yi ta kwana-kwana, na bar shi. Sannan farashinsu yawanci na mutum ɗaya ne a dare ɗaya, har da abin sha a ciki. Ban ga laifin in tambaya ko akwai ragi ga wanda ba ya sha ba. Wani ya rage, wani ya ƙi, amma an tambaya.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata babbar tafiya. Daga Ikko zuwa Nairobi kusan awa 5 ne a jirgi, amma ƙananan jiragen da ke shiga daji daga wani filin daban suke tashi, filin Wilson, kuma kaya kilo 15 kacal suke ɗauka, a jaka mai laushi. Ku da kuka san yadda Hajiya ke haɗa akwati kun san wannan magana sai an yi ta tun a gida. Katin allurar shawara dole ne. Kenya ta hana leda tun 2017, Tanzaniya tun 2019. Masaukai da yawa ba sa yarda ƙananan yara su fita zagaye, wasu ma ba sa karɓar yaro sai ya kai wasu shekaru, don haka shekarun kowane yaro nake fara tambaya. Biya kuma da dala ne. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024 ya san dalilin da ya sa nake rubuta wa mutum lissafinsa da dala, in kuma nuna masa ƙa'idar fasawa kafin ya ba da kafin alƙalami. Zangunan ƙwarai na Agusta kan cika tun watanni da yawa kafin lokaci, mai so sai ya yi sammako.

Na bar magana mafi nauyi a ƙarshe, ita ce ta la'ada. Kowane masauki yana ba ejan kasonsa, kuma ba daidai suke bayarwa ba. Sau da yawa wanda ya fi bayarwa shi ne wanda ya fi neman baƙi, saboda yana inda bai kamata ba. Mutumin da ke gabanka bai san Kogatende ba, bai san Ndutu ba, hoton gado kawai ya gani ya yaba. In ka tura shi inda aljihunka zai fi cika, wataƙila ba zai taɓa ganewa ba, zai dawo ya ce daji ne bai yi kyau ba bana. Amma kai ka sani, Allah kuma ya sani.

Mu da ke zaune a ƙasar wasu, jarinmu sunanmu ne. A Agege ko Idi-Araba labari ba ya kwana, wanda ka cuta yau da shi za ka haɗa sahu ranar Juma'a. Ni dai ƙa'idata, ina shimfiɗa wa mutum taswira, in nuna masa inda dabbobin za su kasance a watan da zai je, in nuna masa inda kowane masauki yake, in faɗa masa abin da zai samu da abin da zai rasa, sannan ya zaɓa da kansa. Kai kuma mai shirin tafiya, in ejan ya nuna maka hoton ɗaki, ka yaba, sannan ka ce ya nuna maka taswira.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya ba mu halak komai ƙanƙantarsa, ya kai kowane matafiyi lafiya ya dawo da shi lafiya.

Wassalam. Naku a Ikko.