Lafiya da Safe, Jinya da Azahar

A wani ƙauye da ke gabas da Azare akwai wani dattijo wanda ya gaji tsohuwar Land Rover daga mahaifinsa, irin samfurin nan na uku da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, mai shan fetur. Ba don ado yake riƙe da ita ba. Ita kaɗai ke iya ratsa yashin hanyarsu, saboda haka duk matar da haihuwa ta zo wa da gardama, ko yaron da maciji ya sara, ƙofar gidansa ake bugawa.

Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, sai motar ta fito da wani hali. Da asuba bugu ɗaya take tashi. Amma in rana ta take, aka yi tafiyar kamar rabin sa'a, sai ta fara shessheƙa, ta yi tari, ta mutu. A jira ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Sau uku yana kai ta gareji, kullum da sanyin safiya. Na farko ya wanke lagireto, na biyu ya sake fulogi, na uku ya sauke kafireto ya busa. Kowannensu ya tayar da ita a gabansa, ya karɓi ladansa. Kuɗin wake da gyaɗa suka tafi, cuta tana nan. Ranar da ta mace masa a tsakiyar daji da jikarsa kwance a baya cikin zazzaɓi, har sai da mai babur ya ƙarasa da ita asibiti, ranar ya ƙudura sayar da ita ga masu sayen ƙarfe.

Wani tsohon bakanike ne ya hana shi. Ya saurari labarin duka, bai ko buɗe bonet ba, ya ce, "Alhaji, ba a duba zazzaɓin dare da hantsi. Ka dawo da azahar, mu fita tare har ta mutu a hannuna."

Haka kuwa aka yi. Da ta tsaya, ya fara duban allurar zafi, ya ga ba ta kai ja ba, lagireto kuma ba ya tafasa. Ya ce injin fetur abu biyu yake rasawa ya mutu haka, ko wuta ko mai, kuma tilas a tambaye shi tun da zafinsa. Ya zare wayar da ta fito daga koyil, ya riƙe ta da busasshen itace kusa da jikin injin, ya sa Alhaji ya murɗa makulli. Wuta shuɗiya ta yi tsalle, ƙas-ƙas. Ya bayyana cewa aikin koyil shi ne ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa dubbai, kuma in ya tsufa yakan yanke in ya yi zafi, ya dawo in ya huce. Da shi ne mai laifi, da ba a ga wuta ba, ko a ga 'yar ja marar ƙarfi.

Sa'an nan ya buɗe murfin tanki yana kasa kunne, domin in hudar shan iskarsa ta toshe, za a ji ya ja iska da ƙarfi. Bai ji kome ba. Sai ya jiƙa tsumma da ruwan sanyi, ya lulluɓe famfon mai da bututun da ke kai fetur kafireto. Ba a daɗe ba motar ta tashi.

Ashe fetur ne ke tafasa a hanya. Shi fetur haɗi ne, wani sashe nasa yakan fara zama tururi tun zafi bai kai digiri 40 ba. Famfon irin waɗannan motoci a jikin injin yake, zuƙo mai yake yi daga tanki, kuma ruwa yake iya turawa, ba tururi ba. Da aka bi bututun, sai aka tarar wani ya taɓa sake shi, ya kwantar da shi dab da bakin salansa. Motocin baya-bayan nan, masu famfon lantarki cikin tanki, ba safai wannan ke samunsu ba. Su sau da yawa na'urar da ke lura da juyin injin ce ke gazawa da zafi.

Aka janye bututun, aka naɗe shi da abin tare zafi, aka sake robar famfon da ta saki. Abin da aka kashe bai kai kuɗin fulogin da aka zubar ba.

Rashin sani ya fi dare duhu. Har yanzu Alhaji yana ajiye tsumma da galan ɗin ruwa a bayan kujera, ko da yake tun ranar bai sake bukatarsu ba. Allah ya kai matafiya gida lafiya, amin.