Uku bisa biyar

Ƴan uwa ɗalibai, in malam ya ba ka 3 bisa 5, ai 12 bisa 20 ke nan: ka ci, har da ɗan yabo. To akwai inda wannan ukun ta fi kowace lamba cin rai, wato tsaunukan Alp na Faransa da Suwis, wajen masu wasan sulɓi da ke barin filayen da aka gyara, su hau dutsen da ba mai gadi.

Dalilin karatun harshe ne ya sa nake bin sanarwar zabtarewar dusar ƙanƙara da Météo-France ke fitarwa a lokacin sanyi. Tun 1993 ƙasashen Turai suka daidaita kan ma'auni mai mataki 5. Na ukun Faransawa ke kira "marqué", kuma kusan rabin masu mutuwa a ranakunsa suke mutuwa. A mataki na 4 da na 5 kowa na shakka, ya yi zamansa gida. Uku kuwa, kunne yana jinta kamar tsaka-tsaki, sai a fita.

Ga yadda tarkon ke haɗuwa. A Nuwamba da Disamba dusar farko takan sauka ƴar kaɗan. Sai dare ya yi garau, samanta ya yi sanyi ƙwarai, ƙasa kuwa tana nan wajen digiri 0. Wannan bambanci yana sa tururi ya riƙa hawa cikinta, ƙwayoyin su zama tsaba-tsaba kamar sukari, ba sa kama juna. Daga baya sabuwar dusa ta zubo, iska ta danne ta ta zama faifai guda. Ku ɗauka an zubar da gero a kan siminti, an shimfiɗa tabarma bisa. Ido tabarma yake gani, ƙafa ce za ta san da geron. Kuma wannan ruɓaɓɓen tushe yana iya yin makonni, har watanni, yana jira.

A gangare mai digiri 30 zuwa 45, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsaga faifan. Kusan 9 cikin 10 na haɗurran, wanda abin ya ci ne ko abokin tafiyarsa ya tayar da shi. Wanda aka tono cikin minti 15 galibi yana rayuwa. A minti 35, wajen 1 cikin 3 ne kawai. Shi ya sa kowa ke ɗauke da na'urar gano wanda ya binnu, da sandar lalube, da shebur. Kafin masu ceto su zo, abokinka ne likitanka.

Abin da ya fi burge ni, gargaɗin da suka fi tsoro ba shi da suna na boko. Ƙarar da dusa ke yi in ta zauna ƙarƙashin ƙafa suke kwaikwayo, "wumf", kamar yadda mu ke cewa "dim" ko "rugugum". In ka ji ta, juya kawai.

Wannan ya sa nake tunanin namu gargaɗin. A Yamai ana auna cikar kogi da launi: rawaya, ruwan lemu, ja. Tsohuwar da ke bakin kogi, me "ruwan lemu" ya gaya mata? Ta kwashe kaya, ko ta ɗora tukunya? Mu masu karatun harshe, aikinmu ne mu samo kalmar da in an faɗe ta, mutum zai miƙe tsaye.