Legas Zuwa Dubai: Kujerar Ajin Farko Ko Otal Na Alfarma, Ina Ya Fi Dacewa Ka Zuba Kuɗinka?

Yau filin namu zai bar kantin magani ya hau jirgi, domin in amsa tambayar da ake yawan kawo mini. Mutum ya samu hali zai kai mahaifiyarsa ko mai ɗakinsa Dubai, ko don hutu ko don ganin likita. Shin ya sayi kujerar ajin farko, wadda ake kira fes kilas, ko ya rage kuɗin jirgi ya ƙara a otal? Tikiti ɗaya na ajin farko yakan ninka na gama-gari sau da yawa, don haka kafin ka biya ya kamata ka san abin da kuɗin zai saya wa lafiyar wanda za ka ɗauka, da abin da ba zai saya ba.

Abin da ke cikin ajin farko

Kamfanin Emirates ya dawo da jigila tsakanin Legas da Dubai ranar 1 ga Oktoba, 2024, bayan kusan shekara biyu da dakatarwa, da jirgi samfurin Boeing 777-300ER. A gaban jirgin akwai kujerun ajin farko guda takwas kacal. Kowace tamkar ƙaramin ɗaki ce mai ƙofa da kake ja ka rufe, kujerar kuma tana miƙewa ta zama gado a shimfiɗa maka katifa. Abinci sai lokacin da ka ga dama, kuma duk abincin kamfanin na halal ne. Banɗakin wanka da kake gani a bidiyo kuwa, a jirginsu mai hawa biyu samfurin A380 yake, saboda haka duba samfurin jirgin da aka rubuta a tikitinka kafin ka sa rai.

Bisa jadawalin da aka sanar lokacin dawowar, jirgin yana tashi daga filin Murtala Muhammed da ke Ikeja da yamma, ya sauka Dubai da asuba. Tafiyar awa takwas ce ko sama da haka, kuma agogon Dubai yana gaban namu da awa uku. Riƙe wannan batu na saukar asuba, zai yi mana amfani idan mun zo kan otal.

Abin da kuɗi ba ya canzawa

Iskar da mai kujerar gaba ke shaƙa ita ce ta mai kujerar baya. A sama, yanayin cikin jirgi daidai yake da na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, ga bushewa kamar ta tsakiyar hunturu. Iskar oksijin da ke shiga jini tana ɗan raguwa. Mai lafiya ba zai ji komai ba, amma mai sikila, mai ciwon zuciya, mai asma da mai ƙarancin jini su ga likita kafin a sayi tikiti, ko wane aji za su zauna.

Sai daskarewar jini a jijiyar ƙafa. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin kusan sau biyu, duk da cewa abin ba ya da yawa, kimanin mutum ɗaya cikin 6,000. Daɗewa ba motsi ne ke jawo shi, don haka wanda ya kwanta a gadon ajin farko awa bakwai bai tashi ba bai tsira ba. Haɗarin ya fi yawa ga mai juna biyu, mai jego, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin, mai ƙiba sosai, mai ciwon daji, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda jini ya taɓa daskare masa.

Rigakafin ba ya cin kuɗi da yawa. Ka tashi ka taka duk bayan awa ɗaya ko biyu, ka riƙa motsa idon sawu kana zaune, ka sha ruwa akai-akai. Masu haɗari su sayi safa mai matse ƙafa a kantin magani, a auna musu daidai ƙafarsu. Kada ka sha asfirin da ra'ayin kanka da sunan tsinka jini, kada kuma ka gwada ƙwayar barci karon farko a cikin jirgi. Idan bayan sauka, ko da makonni sun wuce, ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa yana ciwo da zafi, ko ƙirji ya ɗaure numfashi na sama-sama, asibiti za a nufa nan take. Lambar motar asibiti a Dubai ita ce 998.

To wa gadon yake yi wa amfani? Dattijuwa mai ciwon baya ko gwiwa, wanda zaman awa takwas a takure zai kwantar da shi kwana biyu, da wanda zai wuce ganin likita washegari. Sai dai a jirage da yawa kujerar ajin ’yan kasuwa, wato bizines, ita ma tana zama gado a kan kuɗi ƙasa da haka. Ka tambaya ko tana miƙewa sumul ko kishingiɗa kawai take yi, don jirage sun bambanta ko a kamfani ɗaya. Keken marasa lafiya da abincin masu suga ko masu hawan jini kuwa kyauta ne a kowane aji, matuƙar ka nema kwana biyu kafin tafiya. Filin jirgin Dubai yana da girman gaske, kada Hajiya ta ji nauyin hawa keken.

Jakar magani

Duk maganin da ake sha kullum, a jakar hannu zai zauna, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita da Turanci mai ɗauke da sunan maganin na ainihi. Ka ƙara na mako guda a kan kwanakin tafiya. Insulin kada ta shiga akwatin da za a sa a ƙasan jirgi, sanyin wurin yana iya daskarar da ita ta lalace. Mai allurar insulin ya tambayi likitansa yadda zai daidaita lokaci, tunda ranar tafiya za ta gajarce da awa uku.

Hadaddiyar Daular Larabawa ba ta wasa da magungunan da take sa wa ido. Tramadol, kodin, diazepam da pregabalin duk suna ciki, kuma ana neman izininsu tun daga gida ta intanet. Pregabalin shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki, don tsofaffinmu masu suga da yawa suna shan sa saboda ciwon jijiya. Jami'in kwastan ba ruwansa da ajin da ka zauna. Kada kuma ka karɓi saƙon magani ko ƙullin gargajiya daga hannun kowa. Ka haɗa da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, da inshorar lafiya ta tafiya, sannan ka tabbatar biza ta fito kafin ka biya kuɗin da ba a mayarwa.

Garin da unguwanninsa

Dubai doguwa ce, a shimfiɗe take a bakin teku, kuma unguwar da ka sauka ita za ta yanke maka yawan zaman mota. Tsohon gari yana gefen mashigin ruwan da ya raba Deira da Bur Dubai. Deira ce ’yan kasuwarmu suka fi sani, da kasuwar gwal, da kasuwar kayan ƙamshi, da Naif. Da dirhami ɗaya kwalekwalen katako mai inji da ake kira abra zai tsallakar da kai zuwa ɗaya gefen, inda unguwar Al Fahidi take da tsofaffin gidaje masu hasumiyar jawo iska, dabarar da mutanen da suka yi wa zafi kafin zuwan na'urar sanyaya ɗaki. Filin jirgi yana kusa da nan, haka ma unguwar asibitoci ta Dubai Healthcare City.

Gaba kaɗan sai sabuwar tsakiyar gari, inda Burj Khalifa mai tsayin mita 828 yake tsaye tun 2010, da katafariyar kasuwar Dubai Mall a gindinsa. Daga nan sai gaɓar Jumeirah, inda otal ɗin Burj Al Arab mai siffar filafilan jirgin ruwa yake a kan tsibirinsa tun 1999, sannan tsibirin Palm da aka cike teku aka zana shi kamar bishiyar dabino. Palm wurin hutu ne da yara, amma idan asibiti ko kasuwar Deira ce ta kawo ku, kullum kuna hanya. Daga Yuni zuwa Satumba zafi yakan haura digiri 40 ga gumi, don haka mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari ya kula da ruwa, kuma kada a bar magani a mota. Nuwamba zuwa Maris ne lokacin daɗin garin. Hutun ƙarshen mako a ma'aikatun gwamnati Asabar da Lahadi ne tun 2022, Juma'a kuma rabin yini.

Tambayoyin da za ka yi wa otal

Na farko, ƙarfe nawa ake ba da ɗaki? Yawanci sai biyu ko uku na rana, ku kuwa da asuba kuka sauka. Ka biya daren da ya gabata, ka sanar da su lokacin isowarku, don Hajiya ta wuce gado kai tsaye maimakon zaman awanni a harabar otal. Wannan dare ɗaya ya fi kayan ƙawa da yawa amfani.

Na biyu, banɗaki. Otal na alfarma yana son daɓen marmara da baho mai zurfi, kuma nan ne tsofaffi ke zamewa. Ka nemi ɗaki mai shawa ta tsaye, da ƙarfen riƙewa, kusa da lifta, a hawan da ba a shan taba. Na uku, firji. Insulin da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ƙaramin firjin lemo na ɗaki ba kullum yake kai wannan ba, wani ma yakan mutu idan ka zare katin ƙofa. Ka ce musu firjin magani kake so. Ka kuma tambaya ko suna da likitan da ake kira, da kantin magani mafi kusa mai kwana a buɗe. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, don haka na'urar shaƙa ta masu asma za ta yi aiki.

Na huɗu, jimillar kuɗi. A kan farashin ɗaki ana ɗora kuɗin hidima, da na hukumar birni, da harajin VAT na kashi 5 cikin 100, da dirhami 20 kowane dare a otal mai tauraro biyar. Za kuma su riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin jingina har ku tashi. Sai teburin karin kumallo mai cike da dabino da kayan zaƙi: mai suga ya fara da ƙwai da ganye, ya auna jininsa kamar yadda ya saba a gida.

Shawarata ita ce ka jera kuɗinka haka: ganin likita da inshora da farko, sai otal da ke kusa da abin da ya kawo ku tare da daren isowa, sannan kujerar da ke zama gado ga wanda jikinsa ke buƙata, ko da ’yan rakiya za su zauna a baya. Idan bayan wannan akwai rara kuma ranka yana son ɗaki mai ƙofa a sararin sama, ka hau ka more, amma ka riƙa tashi kana taka ƙafa. Daidai ruwa daidai tsaki. Allah Ya kiyaye hanya, sai mako mai zuwa.