Kaskar Teku

Mu mutanen tudu ne. A Katsina muka tashi, inda kifin da muka sani bai wuce tarwaɗa da ƙarfasa ba, su ma sai a tukunyar miya. Da neman abinci ya kawo mu Jidda, bakin Bahar Maliya, yaranmu suka dame mu sai an sayo musu kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, wanda suke kira Nemo. Muka sayi akwatin gilashi mai cin lita 200, muka koyi haɗa ruwan teku a gida: gishiri na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita. Kifi huɗu muka zuba, aka yi wata shida lafiya lau.

Ana gobe jajiberin babbar sallah muka sayo dutsen murjani, irin wanda ake sayarwa jiƙe da ƙananan halittun teku a jikinsa. Mai shagon ya ce mu fara ajiye shi a wani mazubi daban na wasu makonni, mu ga abin da zai fito daga ramukansa. Muka ce to. Amma baƙi na tafe, muna son falo ya yi kyau. Muna isa gida muka tsunduma shi cikin akwatin.

Bayan kwana goma, autarmu ta tashi shan ruwa da tsakar dare, sai ga ta a ƙofar ɗakinmu.

"Umma, Abba, wani abu ya hau bayan Nemo."

Muka haska tocila. Wani ɗan ƙwaro ne kamar ƙwayar shinkafa, jikinsa gaɓa-gaɓa, da manyan idanu baƙaƙe, ya manne a gindin wutsiyar kifin. Haske na taɓa shi ya saki, ya ɓace cikin dutse. Sai a lokacin muka gane dalilin jajayen tabon da muke gani a jikin kifayen da safe. Kafin mako ya zagayo, ƙaramin cikinsu ya daina cin abinci, ya mutu. Yarinya ta yi kuka har ta ƙi cin abincin dare, mu kuwa muka kasa haɗa ido, domin mun san inda gizo ke saƙa.

Masana suna kiran wannan halitta isofod, mu a gidanmu muka raɗa mata kaskar teku. Dangin ƙaguwa ce da jatan lande, tana da ƙafa 14. Da rana tana ɓuya a rami ko cikin yashi, da dare ta fito ta sha jinin kifi yana barci. Macen tana goyon ƙwanta a wata jaka a ƙarƙashin cikinta har 'ya'yan su fito da kamanninta. Saboda haka idan ka ga ɗaya, kada ka ɗauka ita kaɗai ce.

Zuciya ta so mu zuba magani mai ƙarfi a huta. Sai muka fahimci cewa maganin da ake haɗawa da jan ƙarfe zai kashe murjani da dodon koɗi da duk wani mai rai marar ƙashin baya da ke cikin akwatin, kuma dutse yana shanye shi. Dole muka bi doguwar hanya.

Muka kwashe kifaye ukun zuwa wani ƙaramin akwati marar dutse. Ɗaya ya fito da kaskar a jikinsa. Muka tsoma shi a ruwa marar gishiri mai ɗumi daidai da nasa na 'yan mintoci, sannan muka sa matsefata muka cire ta a hankali, don kada ƙafafunta masu ƙugiya su yaga masa fata.

Babban akwatin kuwa muka ɗana masa tarko. Muka yanke kan gorar roba, muka juya shi ciki kamar mazurari, muka jefa guntun jatan lande. Kullum bayan sallar isha'i mu kashe fitila mu nutsar da gorar, kafin asuba mu ɗaga. Muka rufe bakin tocila da jar leda, domin jan haske bai cika korarsu ba. Daren farko biyar muka kama, daga baya bibbiyu, daga nan ɗai-ɗai. A nan ne muka koyi duba abu kafin mu kashe shi: akwai wasu 'yan'uwansu da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan an taɓa su, waɗanda yawanci gansakuka da datti suke ci. Su muna mayar da su ruwa.

Sai da muka yi wata biyu muna wannan sintiri. Ko da gora ta fara fitowa wayam, ba mu yarda ba, domin kaskar tana iya rayuwa da mushe da ragowar abinci. Muka ƙara makonni uku kafin kifaye su koma gidansu.

Gaggawar yini ɗaya ta ci mana kifi guda da barcin kusan wata uku. Yanzu akwai bokiti a bayan ƙofar kicin, duk sabon abin da zai shiga akwatin sai ya fara zama a cikinsa. Autarmu ce mai gadinsa. Ranar da Abbanta ya shigo da wani sabon dutse yana ta yabon kyansa, ko kallonsa ba ta yi ba, bokitin kawai ta nuna masa.