Aikin Dare a Ɗakin Maza

Litinin
Wata ya shige tun da saurayin nan ya shaƙe ni ta baya ina zuƙo allura. Tiramol ne ya taɓa masa kai, danginsa suka kawo shi ɗaure da igiya. Shatin yatsunsa ya ɓace a wuyana. Barci ne bai dawo ba.

Talata
A keke Napep daga Hausari, wani fasinja ya miƙa kuɗi ta kan kafaɗata, na zabura har na buge hannunsa. "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya. Na sauka tun kafin Kasuwar Monday, na ƙarasa a ƙafa.

Laraba
Yau na zauna da wata mata da ta gudo daga Bama tun 2014. Ina tambayarta kamar yadda aka koya mana: mugun mafarki, firgita, gudun wurin da abin ya faru, ganin abin yana dawowa ido biyu. Idan suka haura wata guda, ciwon firgici ne na bayan tashin hankali, wanda likitocin Amurka suka sa a littafinsu a 1980 saboda sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Tana amsawa ina cike takarda, kowace amsa tata tawa ce. Tun 2009 muke jinyar mutanen da rikicin Boko Haram ya girgiza, amma idan nas ce ta sha naushi, sai a ce mata "Sannu, aikin ke nan." Ni ma na sha faɗa wa ƙanana haka.

Alhamis
Inna ta ce in bar aikin mahaukata. Na ce Inna, marasa lafiya ne, kuma yawancinsu ko tsawa ba sa yi. Yaron ma ya warware, ya gaishe ni jiya da kunya, bai tuna komai ba. Ban ji haushinsa ba. Jikina ne ya ƙi yarda.

Juma'a
Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin majinyaci, kuma hakan daidai ne. Sai dai doka ba ta tsayawa bayanka ƙarfe biyun dare, nas biyu ga ɗaki cike.

Asabar
Na shiga ofishin likitan halayyar ɗan Adam, wannan karon a kujerar majinyata. Ya ba ni ranar Laraba. Na kuma roƙi Sista babba a daina barin mutum ɗaya wajen allura; ta ce za ta duba jadawalin.